Gidan da Na Gina a Cikin Waya

Shekara ashirin da tara na yi ina tsaron fayil a ofishin rajista na wata sakatariya a Makarfi, kuma a tsawon wannan lokaci ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Na fara da wannan ne saboda abin da zai biyo baya bai yi mini kyau ba, kuma ina so a san akwai inda na iya aiki.

Karatuna bai yi nisa ba. Na gama sakandare, na yi kwas na wata tara kan buga tafireta da ajiye takardu, shi ke nan. Abin da na rasa na satifiket sai na cike shi da tsari. Kabad huɗu ne a ofishina, kowanne da durowa huɗu, kowace durowa da takardar suna a goshinta, kowane fayil da lambarsa. Har a gida haka nake. Takalmana a jere suke, daga na Juma'a zuwa na banɗaki, kuma mai ɗakina ta daɗe da daina tambayar dalili.

Saura 'yan watanni in yi ritaya, wata mata ta zo neman takardar gonar mahaifinta, tsohuwar takarda ce tun kafin a haife ta. Da shirin yini ta zo, da gorar ruwa da littafin karantawa. Na yi mata tambaya uku: gunduma, sunan mai gona, da kusan shekarar da aka yi takardar. Kafin ta gama gyara zama a kan benci na ajiye fayil ɗin a gabanta.

Ta ce, "Baba, yaya aka yi ka san inda yake?"

Na ce, "Ban san inda yake ba. Na san inda ya kamata ya kasance, shi kuma ba shi da izinin zama wani wuri."

Ta yi dariya, ta roƙi in nuna mata yadda kabad ɗin suke. Ashe Dakta ce, malama a jami'a. Ta ce abin da nake yi yana da suna a wajensu, har ma darasi ne da take koyarwa: tsara bayanai. Wato idan za a yi manhajar waya, wani ne zai zauna ya yanke shawarar abin da zai zo a shafin farko, da abin da zai shiga ƙarƙashin wane, da sunan da za a rubuta a kan kowane madanni, don mutum ya sami abin da yake nema ba tare da ya yi ta yawo ba. Ta ce ɗalibanta sun iya kwamfuta amma ba su taɓa ganin wanda ya yi rayuwarsa yana wannan aiki da hannu ba. Ko zan riƙa zuwa ajinta duk Talata na tsawon zangon karatu ɗaya? Gwaji ne. Idan ta kai rahoto mai kyau ga shugaban sashe, za a ba ni takarda a hukumance, mai hatimi, in ci gaba.

Na yi shekaru ina jera takardun mutane, ban taɓa riƙe wadda jami'a ta rubuta sunana a kai ba. Ina son takardar nan. Ba zan ɓoye ba. Kuma na yi kuskuren faɗa a majalisarmu ta bayan la'asar tun kafin in taka ajin. Wani abokina, tsohon direba ne, tun daga ranar ya daina kiran sunana. Da ya hango ni sai ya miƙe tsaye ya ce, "A ba Farfesa wuri. Farfesa, yau wace durowa za mu zauna?"

Na ɗinka sabon kaftani. Mota biyu nake shiga kafin in isa, kuma kullum ni ne farkon zuwa, har na riƙa jiran mai buɗe ɗakin. A rana ta farko na rubuta dokoki bakwai a allo, na sa aka kwafa, na bi layi-layi na duba an kwafa daidai. Ɗaliban sun ji daɗina, ko dai sun ji tsorona, ban iya bambancewa ba a lokacin.

Aikin da Dakta ta ba ajin shi ne su tsara manhaja ta manoman Kudan, wadda za ta ba su shawara kan iri da taki da maganin ƙwari da kiwo da sauransu. Ta raba su ƙungiya-ƙungiya, ta ba ni mutum shida in jagoranta. Ta ce hanyar da ake bi ita ce a rubuta kowane abu a kan ɗan kati, a kai wa manoman, a bar su su kasa katunan yadda suka ga ya dace, sannan a gina tsarin a kan abin da suka yi.

Na bari ta fita sannan na gaya wa ƙungiyata cewa mu ba za mu yi haka ba. Na ce a shekara ashirin da tara ban taɓa tambayar mai neman fayil a wace durowa yake so in sa masa ba. Shi nasa ya zo ya nema, ni nawa in san wuri. Na zauna na tsara musu komai a mako guda, bisa yadda aiki yake bin juna: ɗaya Iri, biyu Taki, uku Cututtuka, huɗu Girbi, biyar Ajiya, shida Dabbobi. Kowanne da 'ya'yansa, kowane ɗa da lamba. Maganin ƙwarin da ke cin hatsi bayan an kai shi rumbu, alal misali, yana lamba biyar, biyu, ɗaya. Har yau idan na tuna tsarin nan sai in ji ya burge ni.

A ƙasan kowane shafi akwai wani madanni mai hoton ɗan ɗaki, wanda idan ka danna zai mayar da kai shafin farko. Ɗaliban suka ce a bar shi da hotonsa kawai. Na ce sam, durowa marar suna ba durowa ba ce. Na tambayi yadda ake kiransa da Turanci, suka faɗa mini, na ce to ai mai sauƙi ne, a rubuta Gida.

Akwai wata ɗaliba a cikinsu, 'yar Likoro, ba ta cika magana ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, a wajenmu idan aka ce gida..."

Na ce, "Kin kwafi doka ta uku?"

Ta ce ta kwafa.

"Me ta ce?"

"Suna ɗaya, ma'ana ɗaya."

"To zauna."

Ta zauna. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Da zangon ya yi nisa, Dakta ta ce kowace ƙungiya za ta gwada abin da ta yi a hannun mutanen da aka yi dominsu. Mu Likoro aka kai mu, saboda ɗalibar nan ta yi mana hanya wajen mai unguwarsu. Lokacin an gama kaka, an kai amfani gida, motoci na ta wuce mu a hanyar Hunkuyi da lodin rake. A cikin mota Dakta ta faɗi ƙa'idar gwajin. Za a ba mutum waya, a faɗa masa abin da zai nemo, sannan kowa ya yi shiru. Ba nuni, ba gyaran murya, ba taimako. A kalla kawai a rubuta. Da ta zo kan "kowa" ni ta duba.

Aka shimfiɗa mana tabarma a zauren mai unguwa bayan azahar. Gaisuwa ta ɗauki lokacinta, aka tambayi hanya da gajiya da iyali da mutanen jami'a baki ɗaya. Manoma bakwai ko takwas suka zauna. Dakta ta gabatar da ni a matsayin wanda ya tsara abin, na ɗan sunkuyar da kai irin na wanda ba ya son yabo.

Wanda aka fara da shi wani dattijo ne mai farin gemu, ƙanin mai unguwa. Yana da babbar waya tasa, da ita yake jin wa'azi yana aika saƙon murya, kuma yana karanta boko a hankali, yana bin harafi da yatsa. Wani ɗalibi ya miƙa masa wayar gwajin ya ce, "Baba, a ce ƙwari sun fara cin masararka da ka girbe. Nemo mana abin da za ka yi."

Dattijon ya riƙe wayar nesa da fuskarsa. Ya bi jerin nawa da yatsa daga ɗaya har shida, yana motsa baki. Yatsan ya wuce ta kan biyar, bai tsaya ba. Ya gangara ƙasa ya sami hoton ɗan ɗakin, ya karanta, ya ce, "Yauwa." Ya danna Gida.

Da yake a shafin farko yake, shafin ya ɗan girgiza ya dawo yadda yake.

Ya jira. Ya goge yatsansa a riga ya sake dannawa. Shafin ya girgiza ya dawo. Ya juya wayar ya dubi bayanta, ya juyo, ya danna na uku. Sannan ya ajiye ta a kan tabarma cikin natsuwa, ya tura ta gaban ɗalibin.

Ya ce, "Na yi sallama sau uku, ba a amsa ba. Ba a ƙara ta huɗu. Ko masu gidan sun tafi unguwa ne?"

Zauren ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, "Ko kai ne ba a so, Alhaji. Ba ni in gwada, ni ana amsa mini a ko'ina." Aka ba shi. Shi ko jerin bai karanta ba, kai tsaye ya danna Gida. Sau biyu ya danna ya ce, "Kulle yake. Malam, gidan haya ne ba a samu mai shiga ba?"

Na uku, wani matashin magidanci mai noman tumatir, aka ce ya nemo abin da za a yi wa akuya mai gudawa. Na sami natsuwa, don Dabbobi na nan ɓaro-ɓaro a lamba shida. Ya duba, ya danna Gida.

Nan ne na karya ƙa'ida. Na san an ce a yi shiru, na kuma san ni ne mutumin da ya rubuta dokoki bakwai a allo. Amma bakina ya riga ni. Na juya wajen dattijon farko na ce, "Alhaji, ai ga shi nan a gabanka. Lamba biyar. Ajiya."

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Ajiya kuma? Ni ban ba kowa ajiya ba, ba wanda ya ba ni. Masarata ce, tana rumbuna."

Na ce, "To me ya kai ka Gida?"

Ya ce, "Malam akawu, rumbun a ina yake?"

Mai unguwa ne ya amsa mini, a hankali, kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya. Ya ce masara tana gona har ranar da aka ɗauko ta. Daga ranar ta zama ta gida. Akuya ma gida take. Kaji gida suke. Idan mutum ya ga an rubuta gida, kuma damuwarsa a gida take, ina zai je?

Ana cikin haka ɗalibai mata biyu da suka shiga cikin gida wajen matan suka fito da tasu takardar. 'Yar Likoron ce ta karanta. Mata huɗu aka gwada, duka huɗun Gida suka danna. Ɗaya ta ce a gaya wa mai abin ya gyara ƙofa. Ɗalibar ta karanta wannan ba ta ɗago ta dube ni ba, kuma da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Dakta ta buɗe jakarta ta fito da katuna ɗaure da roba, irin waɗanda na ce ba ma bukata. Ashe ta rubuto su tun daga ofis, wato ta san yadda za ta kaya tun kafin a tashi. Ta zube su a tabarma ta ce, "Iyayena, ku taimaka ku kasa mana waɗannan yadda suke a wajenku."

Ban taɓa ganin an yi aikin rajista da hayaniya irin wannan ba. Mai karatu yana karantawa, sauran suna nuna wuri, wani yana fizge kati daga hannun wani. Kafin a kira la'asar sun yi kashi uku: gona, gida, kasuwa. Ba lamba, ba jerin aiki. Komai sun tambaye shi tambaya ɗaya ce, a ina mutum yake tsaye lokacin da abin ya dame shi. Maganin feshi ya tafi gona. Buhu da rumbu da akuya suka tafi gida. Farashin iri ya tafi kasuwa, ya rabu da shawarar shuka iri, abu biyun da na haɗa a lamba ɗaya ina ganin ba mai raba su.

Kati ɗaya ne ya hana su sakat, na takin gargajiya. Dattijon ya ce na gida ne, a turke ake tara shi. Mai tumatir ya ce na gona ne, ba wanda yake tara taki don ya yi ado da shi a tsakar gida. Aka yi ta ja. Na ga dama ta samu, na gyara zama na ce dole a zaɓi ɗaya, don abu ɗaya ba ya zama wuri biyu.

Dattijon ya ce, "A rubuta wani katin mana. Takarda ta ƙare ne?"

Na dubi Dakta don ta goya mini baya. Ta ce, "Baba, a kabad gaskiyarka ne. A waya kuwa abu ɗaya yana iya samun ƙofa biyu, ba abin da zai ɓata." Ta ɗauki biro ta rubuta kati na biyu.

Duk dariyar da aka yi mini a zauren ba ta shige ni kamar wannan ba. Shekara ashirin da tara ina hana fayil kwana wuri biyu, na taɓa rubuta wa ma'aikaci takardar gargaɗi a kan haka, ga shi an yi a gabana da biro ɗaya kuma kowa ya ce madalla.

A mota ban yi magana ba. Wannan karon ba wanda ya roƙe ni in yi shiru. Ina ta lissafin yadda zan shiga majalisa in ce wa tsohon direba an fasa ba ni takardar. Na san ba zai daina ce mini Farfesa ba, sai dai ya ƙara wa kalmar gishiri.

Kwana biyu na yi ina rubuta rahoto. Tunda za a sallame ni, gara in sallami kaina a tsare. Na jera kurakuraina daga babba zuwa ƙarami, na ba kowanne lamba, suka kai tara. Na farko, na hana a tambayi mutanen da aka yi abin dominsu. Na biyu, na ɗauko kalma daga Turanci na sa mata rigar Hausa ban duba ko ta yi mata daidai ba. Na uku, an zo gaya mini na ce a zauna. Haka har ƙasa. Na buga shi da kaina, na kai wa Dakta ofis ranar Talata kafin aji, na ce ina godiya da damar da aka ba ni.

Ta karanta a tsaye. Da ta kai na shida ta rufe bakinta da takardar.

Ta ce, "Baba, wannan za ka karanta wa aji yau."

Na ce, "Dakta, a rufa mini asiri."

Ta ce, "Shekara nawa ina gaya musu su je su tambayi mutane, suna rubutawa a littafi suna mantawa. Kai idan ka faɗa ba za su manta ba."

Na karanta. Ɗalibai kusan sittin, har da na tsaye a taga. Na faɗi labarin sallama uku ban rage komai ba, don rahoto ba a rage shi. Sun yi dariya har wani ya sauko daga kujera. Da na zo kuskure na uku na kira 'yar Likoro na ce ta tashi ta ƙarasa maganar da na katse mata. Ta tashi ta ce, "Baba, ai an riga an ƙarasa mini." Ta zauna. Na ga ya dace, na wuce na huɗu.

Ƙungiyata ta rushe tsarina gaba ɗaya ta gina sabo a kan kashi ukun nan. Gida ya zama ƙofa ta gaske, da rumbu da akuya a ciki. Madannin ƙasa aka rubuta masa Koma Farko. Ni na ba da sunan, amma sai da aka kai shi Hunkuyi ranar kasuwa aka gwada a hannun mutane kafin a yarda da ni. Na so in ji haushin wannan, na duba ban ga hujja ba.

Bayan hutu takardar ta zo, da hatiminta da sa hannun shugaban sashe. Na karanta ta sau da yawa. Ba ta ce malami ba. Ta ce mai taimakawa wajen aikin fita da ɗalibai. Aikina biyu ne a ciki. Na ɗaya, in ba da lacca guda a farkon kowane zango, kuma Dakta ta riga ta gaya mini wace lacca ce. Na biyu, in riƙa raka ɗalibai ƙauyukan Ikara da Kudan, in yi musu gaisuwa wajen manya tunda na fi su sanin yadda ake yi, sannan in tabbatar ba wanda ya buɗe baki lokacin gwaji.

Na kai takardar majalisa. Tsohon direba ya karɓa ya juya ta, ya shafa hatimin da babban yatsa, ya ce, "To Farfesa, me kake koya musu takamaimai?"

Na ce, "Yin shiru."

Ya ce, "Kai?"

Na ce ni.

Ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya ce lallai jami'a ta san abin da ba mu sani ba.

Zango uku ke nan ina yi. Ɗalibai suna kiyaye ƙa'idar, don suna tsorona, yanzu na tabbata tsoro ne. Ni ne dai har yanzu abin yake yi wa wuya. Idan na ga yatsan manomi yana wuce wurin da ya kamata, sai in ji maganar ta taso mini har maƙogwaro. Dabarar da na samo ita ce in cika bakina da goro kafin a miƙa waya. Goro biyu nake ci a kowace fita, uku idan tsarin ɗaliban ya yi muni. Likita ya ce in rage.